Daɓen Magudanar Utaiƙa

Wasu siraran layuka Idrisu ya fara gani a jikin kankaren. Bibbiyu suke tafiya, su hau gefen magudanar ruwan, su lanƙwasa, su sauko, kamar sawun maciji a kan rairayi. Ranar Juma'a ce da la'asar, yana dawowa daga kasuwar Utaiƙa da ledar albasa da tumatir, ya bi ta bakin magudanar don ta nan ya fi kusa da masaukinsu na ma'aikata. Ya ɗan tsaya ya duba. Ba sawun baro ba ne, ba kuma na keke ba. Ya ce a ransa ko yara ne suka ja wani ƙarfe, ya wuce.

Da wani wuri ne, da ko waiwaye bai yi ba. Amma wannan lungun aikin hannunsa ne, kuma shi kaɗai ya san abin da ya aikata a cikinsa.

Idrisu magini ne, mutumin Ƙaraye ta ƙasar Kano, shekararsa shida a Riyad. Kamfanin da ke riƙe da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, shi aka ba aikin gina magudanar ruwa a kudancin birnin: wani dogon kwari na kankare, ƙasansa a shimfiɗe, gefunansa biyu a kishingiɗe kamar bakin akushi. Dokar aikin guda ce. In an zuba kankare an baje, kafin ya sha iska sai a ja masa tsintsiya mai ƙarfi, ya bushe da kaushi kamar bayan damo. Haka aka yi tun daga farkon magudanar har ƙarshenta, ban da taku ashirin a inda ta yi kwana bayan katangar wani sito.

Wata huɗu kafin nan, wani direba da ya dawo daga hutu ya kawo masa kaset daga gida. Muryar ƙanensa Basiru ce. Ya gaishe shi, ya gaida mutanen ɗakinsu, ya ba shi labarin damina da na akuyar da ta haifi uku, sannan ya yi shiru har Idrisu ya zaci kaset ɗin ya tsinke. Can sai ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Inna ta riga mu gidan gaskiya, yau kwana goma sha tara." Washegari Idrisu ya fita aiki kamar kullum, don bai san abin da zai zauna ya yi ba. Helmansu ya tafi duba wani wurin, leburori suka zuba kankare a kwanar nan suka bar masa gyara. Tsintsiyar tana jingine a gefe. Shi dai ya san ya durƙusa da cokalin gini a hannu. In ban da sallah da ta tashe shi sau ɗaya, bai farga ba sai da rana ta yi sanyi, ya ɗago ya ga sararin sama kwance a cikin abin da ya shafe.

Inna Hansai gwanar daɓe ce. A unguwarsu ba a kai amarya ɗaki sai ita ta taka daɓen ta ce ya yi. Mata su taru da madaɓai, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta duka ana waƙa, daga baya a zuba ruwan makuba har ƙasa ta yi baƙi tana ƙyalli. Ba ta yarda a bar kusurwa tsakanin daɓe da bango. Sai ta lanƙwasa shi ya hau gindin bangon a hankali, wai kada kunama ta sami maɓoya. Haka Idrisu ya yi wa magudanar, inda ƙasa ta haɗu da gefe ya cike ya lanƙwasa, babu gaɓa. Aka rufe wurin da jiƙaƙƙun buhuna, aiki ya yi gaba, ƙura ta zo ta kwanta a kai, ba wanda ya lura. Ya sha cewa gobe zai gaya wa injiniya. Goben ba ta zo ba.

Juma'ar da ta biyo bayan ganin layukan ya sake bin hanyar, sai ya ji wata ƙara tana tasowa daga cikin magudanar, kamar ana niƙa a dutse a gida na uku. Ya leƙa. Wani baƙin mutum ne dogo, da wando da singileti, tsaye a kan ɗan katako mai ƙananan tayoyi huɗu. Ya gangaro daga wannan gefen, ya ratsa tsakiya, ya hau wancan har kusa da baki, ya tsaya a can kamar wanda ya manta abin da ya kai shi, sannan ya juyo ya sauko. Babu inji, babu feda, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya share wurin tas. Jallabiyarsa na can a ninke, an danne ta da dutse.

Idrisu ya tattaro Larabcinsa na wurin aiki don ya gaya masa an hana. "Ya sadik, mamnu'."

Mutumin ya ɗaga kai, katakon ya kufce masa, ya zauna daɓas. Katakon ya ci gaba da tafiyarsa shi kaɗai.

"Wash. Bawan Allah, ka kashe ni," in ji shi da Hausa.

"Au, ɗan gida ne?"

"Ɗan gida ne, in ƙugun nan ya bar ni na koma gidan."

Idrisu ya sauko ya miƙa masa hannu. Sunansa Jabiru, bai kai talatin ba, yana zaune a unguwar Malaz, yana aiki a wani asibiti inda yake ɗaukar hoton ƙashi. A Amurka ya yi karatun, a can kuma ya koyi hawa katakon. Mutumin Zariya ne.

"Bazazzagi," in ji Idrisu. "Shi ke nan, na daina mamaki. Kwana shida kana ɗaukar hoton ƙashin mutane, ran Juma'a ka zo kwata ka karya naka."

"Baba, in ka ji Bakano na kushe abu, bai gano yadda zai sayar da shi ba ne."

Suka yi dariya. Idrisu ya ɗauko katakon ya jujjuya shi. Samansa kamar takardar goge katako, ƙasansa duk ya kukkuje. Ya murza taya ɗaya da yatsa, ta daɗe tana juyi.

"To ina za ka da shi?"

"Ba ko'ina."

"Tsere ake yi?"

"A'a."

"To wa ke ci?"

"Ba mai ci, Baba. In je can, in dawo nan."

"Jaki ma in ya je ya dawo, da kaya a bayansa."

"Shi ya sa yake jaki," in ji Jabiru.

Ya zauna yana murza ƙugu, ya ce shekararsa biyu yana neman wuri a birnin nan. Kwalta ta yi kaushi, gaban manyan kantuna masu gadi na kora, sauran duk rairayi. Wata rana ya zo sayen dabino a Utaiƙa, ya ɓata hanya, ya ajiye mota bayan siton nan don ya yi tambaya, sai ya hango kwanar. "Na sauko na shafa da hannu, na rasa abin faɗa. Dubi yadda ya lanƙwasa gindin nan. A Amurka sai mu yi ta tsallake katanga muna neman kwamin wanka da aka kwashe wa ruwa, don irin wannan lanƙwasar kawai. Wanda ya yi aikin nan ba don ruwa ya yi shi ba."

Idrisu ya mai da hannayensa baya.

"Har na fara sanin sa," in ji Jabiru. Ya hau katakon ya gangara a hankali yana nuni da yatsa. "Ƙafa tana ji. Daga can ya fara, da ƙarfinsa. Bahago ne, don duk shafarsa daga dama take komawa hagu. Nan wajen hannunsa ya fara gajiya, akwai ɗan tudu, ido ba ya gani. Nan kuma ya tsaya ya tafi wani wuri, ya dawo kankare ya fara kamewa, sai da ya danna. Ban san abin da ya tashe shi ba."

"Sallar azahar ce," in ji Idrisu.

Jabiru ya sa ƙafa ya tsai da katakon. Ya dubi Idrisu, ya dubi hannunsa na hagu da siminti ya cinye wa farce.  Daga bisani ya cire hular da ke kansa ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Shekara shida Idrisu na gini a ƙasar, ba wanda ya taɓa gaya masa haka a kan wani abu da aka riga aka gama.

Daga ranar Juma'a ta sami ma'ana. In an sauko daga masallaci ya ci abinci, sai ya dafa shayi ya zuba a fulas, ya tafi bakin magudanar ya zauna a inuwar katangar. Abokan ɗakinsa suka fara tsokanarsa, wai ko Malam Idi ya yi budurwa a kasuwar kayan miya. Bai gaya wa kowa ba.

Zama yake yi yana kallo. Ya gina katangar asibiti a birnin nan, ya gina gidaje masu daɓen marmara, ya gina matakalar wani ofishi da aka ce hawa goma sha biyu ne. Duk ranar da aka gama sai a kwashe su a mota a kai su wani filin, a sa ƙofa, a sa mai gadi. Bai taɓa ganin fuskar wanda ya kwana a ɗakin da ya shafe ba. A gida kuwa, in Inna ta gama daɓe, da yamma za ka ga amarya ta shimfiɗa tabarma a kai, bayan shekara ka ga jariri na rarrafe. Ga shi yau wani yana bin sawun hannunsa taku bayan taku, ya hau inda ya hau, ya sauka inda ya sauka. Wani lokaci in Jabiru ya kai can saman gefen ya yi wannan 'yar tsayuwar kafin ya juyo, sai Idrisu ya ji shi ma ya riƙe numfashi.

Faɗuwar ce ba ta yi masa daɗi. Akwai wani juyi da Jabiru ke nema, ya ɗaga tayoyin gaba a bakin gefen ya waiwayo da katakon gaba ɗaya. Idrisu ya ƙirga masa faɗuwa goma sha bakwai a yamma guda.

"Likita, wanda ka iya ɗin bai ishe ka ba?"

"Wanda na iya ai na iya shi."

"To in ka iya wannan fa?"

"Sai in nemi wanda zai kayar da ni."

"Mu a aikinmu, bango in ya faɗi sau ɗaya an kore ka."

"Shi ya sa nake zuwa nan," in ji Jabiru, yana duban gwiwar hannunsa da ta saɓule. "A asibiti ba ni da ikon kuskure. A titi ba ni da iko, a gaban kafili, ubangidan da ke riƙe da takarduna, ba ni da iko. Ko dariya sai na duba wa ke kusa. Nan ne kaɗai in na faɗi, faɗuwar tawa ce, ba wanda zai rubuta ta a takarda."

Idrisu ya zuba masa shayi. Ya so ya ba shi labarin kaset ɗin, amma ya fasa. Sai ya ce, "Tsohuwata ce ke lanƙwasa gindin bango haka." Jabiru ya ce Allah ya saka mata. Idrisu ya ce amin, ya ƙara da cewa Allah ya ji ƙanta, Jabiru ya gane, ya sake cewa amin a hankali.

Haka suka yi Juma'a bakwai. Zafi ya karye, aka fara ganin gajimare da safe.

Ranar wata Laraba Injiniya Lurwanu ya aiko a kira Idrisu. Lurwanu mutumin Gusau ne, shi ke kula da wannan ɓangaren aikin, kuma shi ya tsaya wa Idrisu har kamfanin ya ɗauke shi. Ran Asabar masu duba aiki za su zo karɓar magudanar, don haka ya bi ta da ƙafa yana dubawa. Idrisu ya same shi tsaye a tsakiyar kwanar, gefen wandonsa duk ƙura, alamar santsi ya ɗebe shi.

"Malam Idi, aikin wa ke nan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Na sani. Tambaya dai na yi." Lurwanu ya durƙusa ya shafa kankaren da tafin hannu. "Shekarata goma sha huɗu a aikin nan, ban taɓa ganin shafe irin wannan ba. Wallahi kamar a shimfiɗa darduma. Kuma shi ya sa zai kashe mutum."

Idrisu ya sunkuyar da kai.

"Ka ga ruwan garin nan. Shekara guda ba ɗigo, rana ɗaya ya zo kamar an ɓalle dam. In mutum ya faɗa ciki, ko mai shara, ko wani mai tsallakawa kasuwa, kaushin nan shi zai kama ya fito. A nan me zai kama? Ni da takalmi, a bushe, sai da na zauna." Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Sa hannuna ke kan takardar wurin nan. In suka gani ran Asabar, ni za a fara tambaya, kai kuma iƙamarka wata mai zuwa za a sabunta ta. Ka san mudir, manajan kamfanin nan, ba ya tambaya sau biyu."

"Ba yadda za a bar shi? Taku ashirin ne kawai."

"Ruwa ba ya ƙirga taku."

"To a ba wani ya yi, ranka ya daɗe."

"In na ba wani, kafin magariba labari ya kai ofis. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Muryarsa ta yi laushi. "Gobe da rana zan sa a ajiye maka injin sassaƙa a nan, in ce gyaran baki za ka yi. Kana da yammacin Alhamis da yinin Juma'a. Ka yi haƙuri, Malam Idi. Da gidana ne da na ce ka zo ka yi min irinsa."

Injin na iska ne, bakinsa da haƙoran ƙarfe, in an danna shi a kan kankare sai ya ci fuskar ya bar ta gurzaje. Ran Alhamis Idrisu ya tashe shi, ya tsaya riƙe da shi har kusan rabin sa'a yana ta ruri a banza. Ba shi da lambar wayar Jabiru, bai ma san sunan asibitin ba. Daga ƙarshe ya je can inda ya fara shafen wata shida da suka wuce, ya yi bismilla ya danna. Kafin magariba ya ci taku shida. Da safiyar Juma'a ya ci biyar, ya tafi masallaci kunnuwansa na kuka.

Yana kan aiki da la'asar ya ga inuwa ta faɗo a gabansa. Ya kashe injin. Jabiru na tsaye a bakin magudanar, katakon a hammata, bai ko cire jallabiya ba.

"Baba, me ke nan?"

Idrisu ya gaya masa, bai rage komai ba.

Jabiru ya sauko ya taka inda aka sassaƙe, ya goga takalminsa a kai. "Ruwan nan kwana nawa yake zuwa a shekara? Uku? Huɗu? Sauran kwana ɗari uku da sittin wurin na wa ne? Ba mai zuwa nan sai ni da kai da ƙadangaru. Su masu takardar ko sanin akwai kwanar ba su yi ba. Wuri ai na wanda ya san shi ne."

"Na ruwa ne, Likita. Don shi aka haƙa."

"Kai ma ka san ba don shi ka shafe ba."

"Na sani." Idrisu ya goge fuska da hannun riga. "Amma a kwana ukun nan ne mutum ke faɗawa. Kai ake kawo wa su, ka fi ni sani."

 Jabiru ya juya ya dubi abin da ya rage, taku tara, yana ƙyalli a rana tsakanin kaushi da kaushi.

"Da Bakano ne ya faɗa, ai sai a ce ya je neman kwabonsa," in ji shi, amma muryar ba ta ɗauki wasan ba, ba kuma wanda ya yi dariya. Ya cire jallabiyar ya ninke. "Ci gaba da aikinka, Baba. Ka dai riƙa yi a hankali."

Idrisu ya tashi injin. Daga nan ba wanda ke jin wani. Shi yana cin kankaren daga gefe guda, layi bayan layi, daga bakin wannan gefen ya sauko ya ratsa ya hau wancan. Jabiru kuma yana kai da kawowa a ragowar, ƙura na tashi tana rufe su duka biyu. In Idrisu ya ɗago sai ya gan shi ya wuce ta gabansa kamar ba a ƙasa yake ba, babu ƙarar taya, babu komai, sai rurin injin. Bai nemi juyin nan mai kayar da shi ba. Hawa kawai yake yi yana sauka, hannuwansa a sake, idonsa a kan kankaren. Taku tara ya koma bakwai, bakwai ya koma biyar. Da wurin ya ƙara matsewa sai lanƙwasar tafiyarsa ta miƙe, ya zama daga nan zuwa can kawai, kamar lilo.

Da ya rage taku uku Idrisu ya kashe injin don ya huce. Shirun da ya biyo baya har ya fi ƙarar nauyi.  Jabiru ya sauka daga katakon, ya turo shi da ƙafa har ya zo ya bugi takalmin Idrisu.

"Ni? Rufa min asiri."

"Ka shafe shi, ka kalle shi, yanzu kana kashe shi. Ko sau ɗaya ba ka ji shi ba."

"Ina da 'ya'ya shida a Ƙaraye."

"Ni zan ɗauki hoton, kyauta."

Idrisu ya waiga, ba kowa a bakin magudanar. Ya ɗora ƙafar dama, katakon ya motsa kamar mai rai, ya yi sauri ya cafke kafaɗar Jabiru. Ya ɗora ta hagu. Jabiru ya riƙe masa hannu biyu ya ja shi baya kaɗan zuwa kan lanƙwasar, ya ce ya sassauta gwiwa, ya daina kallon ƙafarsa. Sannan ya sake shi.

Ba wata tafiya ba ce, faɗin magudanar ne kawai. Amma ƙasa ta zo masa ta tafin ƙafa, sumul, ba gargada, kamar ana jan zare daga cikin ƙirjinsa. A tsakiya ya ji wani ɗan tudu ya ɗaga shi ya sauke, ya gane wurin, ya tuna yadda kafaɗarsa ta yi masa nauyi a daidai nan. Katakon ya fara hawa ɗaya gefen, ya rage gudu, ya tsaya. Na ɗan lokacin nan Idrisu bai ji nauyin jikinsa ba, bai ji shekarunsa ba, bai san ko a wace ƙasa yake ba. Sai katakon ya komo da baya, shi kuma bai komo tare da shi ba.

Ya daɗe a kwance a kan kankaren, kuncinsa a manne da shi. Da ɗumi, kamar ɗakin da aka kwana a ciki. Jabiru ya tsuguna a kansa.

"Akwai inda ya karye?"

"Babu."

"To ka tashi mana."

"Bari tukuna," in ji Idrisu.

Rana ta sauka bayan katangar siton, inuwa ta cika magudanar. Ya tashi zaune, ya karkaɗe gemu, ya dubi sama ya ga saura kamar sa'a guda a kira magariba. Gajimare ya taru ta yamma, baƙi-baƙi. Ya miƙe ya ɗingisa zuwa wurin injin, ya ja igiyar.

Wannan karon bai ɗago ba. Ya sa haƙoran a bakin gefen ya sauko da su a hankali, ya bi lanƙwasar, ya ratsa tsakiya, ya hau. Ya dawo ya ɗauki layi na gaba. Farin gari na tashi yana shiga masa ido, bai tsaya gogewa ba. Ya ci taku na farko, ya ci na biyu. A na ukun ya ga akwai sauran wuri kamar faɗin tabarma, ya yi tunanin ko ya bar shi, wa zai lura da faɗin tabarma. Ya tuna mutum a cikin ruwa yana lalube da yatsu. Ya danna.

Da ya kashe injin, magudanar ta zama iri ɗaya daga inda ido ya fara har inda ya ƙare. Ya juya don ya ce wani abu, bai ma san me zai ce ba. Jabiru ya riga ya hau bakin magudanar. Ya sa jallabiyarsa, katakon na hammatarsa, yana tafiya a hankali ta gindin katangar, yana ɗan jan ƙafa ɗaya. Bai waiwayo ba har ya sha kwana.